Filin Mai Lambu: Gwandar Da Aka Ɗaura Wa Zane, Da Sauran Tambayoyinku

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata kusan dukkansu daga cikin garin Jos da kewayensa suke, kuma kowace tambaya ta zo da labarin gida a bayanta. Na bar labaran yadda masu su suka rubuto, sai ɗan taƙaitawa, domin sau da yawa amsar tana kwance a cikin labarin. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, saboda wasu daga cikin waɗanda aka ba da labarinsu suna raye, kuma suna karanta mujallar nan.

Tambaya: Malam, a gidanmu da ke Unguwar Rogo wata gwanda ta taɓa fitowa da kanta a bayan ɗakin girki, ta yi kyau ta yi ganye, amma ba abin da take yi sai fure. Kakarmu ta ce namiji ce, kuma maganinta a kunyata ta, don haka ta ɗauko tsohon zanenta ta ɗaura mata, ta rataya mata mayafi. A daren ranar an ɗauke wuta. Babanmu ya dawo daga sallar isha'i, ya hangi zanen mahaifiyarsa a tsaye cikin duhu, sai ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Inna, barka da dare." Da ya ji shiru sai ya ɗauka fushi take yi da shi kan cefanen da ya makara, ya shiga ba da haƙuri yana bayanin halin da kasuwa take ciki, har sai da ita Kaka ta leƙo daga ɗakinta da fitila ta tambaye shi da wa yake magana. Abin mamaki, bayan hunturun shekarar gwandar ta yi 'ya'ya ƙanana guda uku suna reto, kuma har Kaka ta koma ga Mahaliccinta tana cewa zanenta ne ya yi aiki. Shin akwai gaskiya a ciki? Daga wata uwargida, Unguwar Rogo.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Kaka, ya kuma saka wa Baba da alheri bisa ladabinsa. Kaka ta yi daidai a rabin maganarta, domin gwanda iri uku ce: akwai namiji, akwai tamata, akwai kuma wadda furenta ya haɗa duka biyun. Ana gane su ne daga fure. Furen namiji ƙanana ne masu yawa, suna fitowa a kan dogon sili da ke saukowa daga jikin bishiyar, na tamata kuwa babba ne, yana manne da jikinta a hammatar ganye, kuma idan kika buɗe shi za ki ga ɗan ƙwallon da zai zama gwanda a zaune a ciki. Inda zan saɓa wa Kaka shi ne batun zane. An san cewa namijin gwanda yakan fitar da furen da ke iya yin 'ya'ya idan ya sha sanyi, ko kuma idan aka datse masa kai ya sake toho, kuma 'ya'yan sukan zama ƙanana masu reto a bakin dogon sili, kamar yadda kika bayyana. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma wanda ya kwana a garin cikin Disamba ko Janairu ba ya bukatar a yi masa bayanin sanyinta. Don haka hunturu ne ya yi aikin, zane ya karɓi yabo.

Idan kina son gwanda mai 'ya'ya, kada ki dogara da wadda tsuntsu ya shuka miki. Ki samo iri daga gwanda mai daɗi da ta nuna sosai, ki shuka uku ko huɗu a rami ɗaya, ki bar su har su fara fure, wanda yakan zo bayan wata huɗu zuwa shida, sa'annan ki cire mazan ki bar mafi ƙarfi daga cikin sauran. Namiji ɗaya ya ishi mata kamar goma, kuma a unguwa mai cunkoso da wuya a rasa ɗaya a gidan maƙwabta. Ki dasa ta inda rana ke bugu kuma katanga ke tare mata iskar hunturu, ki ɗaga mata ƙasa ta yi ɗan tudu, domin kwanciyar ruwa ta kwana biyu a gindinta cikin Agusta tana iya ruɓar da saiwarta.

Tambaya: Malam, shekarar da aka haife ni Alhajinmu ya sha wani mangwaro da ya sayo a kasuwar Farin Gada, daɗinsa ya sa ya binne ƙwallon a kusa da wurin wanke-wanke, ya ce nawa ne. Na gama firamare mangwaron bai yi ko huda ba, sai ganye baƙi ƙirin da inuwa. Daga nan Alhaji ya ƙirƙiro wata al'ada. Duk shekara da zarar damina ta ɗauke sai ya ɗauko gatari ya tara mu, ya tsaya gaban bishiyar ya yi mata faɗa, ya ce yau kwananta ya ƙare, ita kuma Hajiya aikinta shi ne ta riƙe masa hannu ta ce, "Alhaji, a yi mata haƙuri, baɗi za ta yi." Wata shekara Hajiya tana ɗaki tana waya ta manta da nata aikin, Alhaji ya ɗaga gatari yana waige babu mai ceto, ga yara sun zuba ido, dole ya sauke sara biyu a jikin bishiyar don kada girma ya faɗi. A shekarar ta yi huda ta yi 'ya'ya, sai dai masu tsami da zare, ba irin wanda ya sha ba. Yanzu gidan yana hannuna, kuma ta koma halinta na da. Me zan yi mata? Daga wani magidanci, Rikkos.

Amsa: Malam, a cikin wasiƙarka akwai dalilai uku, kuma duk ka ambace su da kanka. Na farko shi ne ƙwallo. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara biyar zuwa takwas kafin ya fara haihuwa, a wuri mai sanyi kamar Jos kuma yana iya zarce haka, alhali mai aure, wato wanda aka haɗa masa reshen wani mangwaro mai kyau a jikinsa, yakan fara cikin shekara uku zuwa huɗu. Bayan jinkirin kuma akwai caca, domin manyan nau'o'i irin su Juli ba sa maimaita kansu ta ƙwallo. Abin da zai fito yana iya ɗauko halin wata bishiyar da ƙwari suka kawo garin furenta, shi ya sa Alhaji ya shuka zaƙi ya girbi tsami. Ƙananan mangwarorinmu na gargajiya masu zare su ne suka fi fitowa kamar uwarsu, kuma su ake rainawa a yi aure a kansu saboda ƙarfin saiwarsu.

Na biyu shi ne wurin wanke-wanke, kuma a ganina shi ne babban mai laifi. Mangwaro yana bukatar ya ji rani, wato ya yi wata biyu ko uku ƙasa ta bushe masa ga sanyin dare, kafin ya daina fitar da sabon ganye ya juya ga huda, abin da ke faruwa a yankinmu tsakanin Disamba da Fabrairu. Bishiyar da ruwan kwanuka da na wanki ke kwarara a gindinta safe da yamma, ga ragowar tuwo da kashin kaji, ba ta san an shiga rani ba, saboda haka sai ta ci gaba da ganye. Mutane da yawa idan suka ga haka sai su ƙara mata takin yuriya don tausayi, wanda kuwa ƙara wa ganyen ƙarfi yake yi.

Na uku shi ne gatari, kuma a nan dole in ba Alhaji haƙƙinsa. Faɗan da yake yi mata bai shiga ba, amma saran ya shiga. Abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana yana sauka zuwa saiwa ne ta cikin ɓawo, kuma idan aka yanke ɓawon sai abincin ya taru a sama, taruwar nan kuwa tana tura bishiya ga yin fure. Masu gonakin itatuwa sun san wannan dabara, amma suna yin ta da wuƙa mai kaifi, su zagaya reshe da yanka siriri wanda bai wuce kaurin bakin wuƙar ba, ba tare da sun shiga cikin itacen ba, kuma a kan wasu rassa kaɗan, ba a gangar jikin bishiyar ba. Wanda ya ɓare ɓawo mai faɗi ya zagaye gangar jiki da shi ya kashe bishiyarsa, ko da za ta ɗauki shekara kafin ta nuna.

Shawarata ita ce ka fara da karkatar da ruwan wanke-wanke zuwa rariya, ka daina ba ta ruwa daga ƙarshen Oktoba har sai ta yi huda 'ya'yan sun kama. Tun da kuma 'ya'yan nata ba su da daɗi, babu amfanin ka sha wahala a kansu yadda suke. Ka nemo gwanin aure ya datse manyan rassan, idan sun yi sabon toho ya aura musu reshen nau'in da kake so. Saiwar da ta shekara da shekaru a ƙasa za ta ba ka 'ya'ya cikin shekara biyu zuwa uku, kuma bishiyar Alhaji tana nan a inda ya dasa ta. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke kan titin Bauchi, wadda aka kafa tun 1958, wuri ne da ya dace ka fara neman wanda ya iya aikin.

Tambaya: Baba, yayanmu ya kafa mana doka tun muna yara cewa gwabar gidanmu ba a cin ta sai da dare, wai ta fi zaƙi. Sai da na girma na ɓara ɗaya da rana na gane dalilinsa. Ta yaya za mu raba ta da tsutsa? Daga wata ɗaliba, Bukuru.

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, tsutsar ba dafi gare ta ba, ga shi kuwa duk kun girma lafiya. Ƙudan 'ya'yan itace ne ke kawo ta. Tamatar takan huda fatar gwaba lokacin da ta kusa nuna ta zuba ƙwai a ciki, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, tsutsar ta ci ta ƙoshi, gwabar ta faɗo, ita kuma ta shige ƙasa ta fito a matsayin sabon ƙuda. Matsalar ta tsananta ne bayan shigowar wani nau'i daga nahiyar Asiya, wanda aka fara ganinsa a Kenya a 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu har Afirka ta Yamma, yana ɓata mangwaro da gwaba da lemo. Tun da rayuwarsa sai ta bi ta ƙasa, a nan ake tare shi. Ku tsince duk wadda ta faɗo kullum, ku zuba a baƙar leda mai kauri ku ɗaure ku ajiye a rana na kwanaki, ko ku binne a rami mai zurfin rabin mita. Zubawa a juji ko a bayan katanga kiwon ƙudan ne. Waɗanda ke sama kuma ku sa musu jakar takarda ku ɗaure tun suna kamar girman lemun tsami. Tarkon da ake sayarwa a shagunan kayan noma mazan ƙudan kaɗai yake jawowa, don haka yana taimakawa ne idan maƙwabta ma sun sa, kuma ba ya ɗauke muku aikin tsincewa.

Tambaya: Malam, muna da bishiyar fiya wadda rabin rassanta suka tsallaka gidan maƙwabcinmu, kuma abin haushi can ɓangaren ya fi 'ya'ya. Shekaru da dama matar maƙwabcin takan aiko wa mahaifiyarmu tire cike da fiya da saƙon "ga ɗan abin da aka samu," ita kuma Inna takan yi godiya har da tukwici, duk da ta san daga ina aka samu. Bara Kawunmu ya ce shi zai kawo ƙarshen abin, ya jingina tsani ya hau da adda ba tare da ya yi sallama ba, matan gidan suna tsakar gida suna kitso, suka sa ihu, yaranmu suka firgita suka gudu da tsanin, Kawu ya yini a sama yana kallon gabas yana ba da haƙuri. Yanzu maƙwabcin ya ce reshen yana fasa masa katanga. Yaya za mu yi? Daga wani matashi, Gangare.

Amsa: Ɗana, Kawu ya taka dokar da malaman fiƙihun Malikiyya suka rubuta tun ƙarnoni da suka wuce. Sun ce ba a hana mutum hawa bishiyarsa don gyara ko ɗiba, amma wajibi ne ya sanar kafin ya hau, domin na cikin gidan maƙwabci su suturta. Sun kuma ce idan katanga ta riga bishiya, abin da ke cutar da katangar daga rassanta sai a sare shi, idan kuwa bishiyar ce ta riga, akwai saɓani. Ku tuntuɓi limamin unguwarku ko mai unguwa su duba muku, amma ni a ganina reshen da ke goga katanga duk lokacin da iska ta taso bai cancanci a kai shi gaban kowa ba. Game da 'ya'yan kuwa, ina ganin Inna ta fi ku duka fahimta, domin ya tabbata a hadisi cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi.

Wajen yanka, ku ajiye adda ku ɗauki zarto. Babban reshe sau uku ake yanka shi: a fara da yanka daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga gangar jiki, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, sai a yanka daga sama a ɗan gaba da na farko har reshen ya rabu, ta yadda nauyinsa ba zai yage ɓawo ya sauko da shi ba, sa'annan a cire guntun da ya rage daga bakin kumburin nan da ke mahaɗar reshe da jiki, a bar kumburin, domin daga nan ne ciwon ke rufewa. Ku ɗaure reshen da igiya kafin ku fara, kada ya faɗa kan katangar da ake rigima a kanta. Kada ku shafa baƙin mai a wurin, kamar yadda na ga ana yi a gidaje da yawa don tsoron gara, domin ƙona naman bishiyar yake yi. Kada ku cire fiye da rubu'in rassanta a shekara ɗaya, kuma inda rana ta samu shiga ta bugi ɓawon da ya saba da inuwa, ku shafa masa farar ƙasa, saboda ɓawon fiya yana ƙonewa. Ku kuma roƙi matan gida su rage sharar gindinta, domin saiwoyinta a saman ƙasa suke, kuma busasshen ganyen da ake kwashewa kullum shi ne rufinsu da takinsu. Fiya ba ta nuna a sama. Idan kuna shakkar ta ƙosa, ku cire ɗaya ku ajiye, in ta yi laushi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ba ta yamutse ba, to lokacin ɗiba ya yi.

Tambaya: Malam, kauci ya kama lemun zaƙinmu, amma Goggo ta rantse wanda ya taɓa shi sai ya bar mata gida, wai maganinta ne. Daga wani ɗan uwa, Nasarawa Gwong.

Amsa: Kauci ba ya barin bishiya da kansa. Tsuntsaye ne ke cin 'ya'yansa su manna ƙwayar mai yauƙi a reshe, ita kuma ta kafa saiwa a cikin itacen tana shan ruwansa har reshen ya bushe. Tsinke ganyensa ba ya kashe shi, sai an yanke reshen a ƙasa da mahaɗar da kamar taƙi ɗaya ko biyu. Ka yanka ka shanya shi a inuwa ka kai wa Goggo cikin ladabi, ka ce ka hutar da ita ɗiba.

Tambaya: Malam, Kakanmu ya yi aikin kuza a ƙuruciyarsa, kuma da ya gina gida ya dasa bishiyar turare a bayan banɗaki, ya bar wasiyya cewa kada a sare ta. Yanzu ta fi kowane gini a layinmu tsawo, saiwarta ta fasa ramin masai sau biyu, ta ɗaga simintin tsakar gida har kujerar Baffa ta daina zama daidai sai an sa mata dutse. Duk taron sallah sai an tayar da maganar, a yi muhawara, Baffa ya yi kuka, a watse. Akwai hanyar da za a hana saiwar ɓarna ba tare da an sare ta ba? Daga wani jika, Dogon Dutse.

Amsa: Malam, zan faɗa maka abin da ba ka so ka ji: babu. Turare daga Ostireliya aka kawo shi, kuma ya yaɗu a tudun Filato ne musamman daga ƙarshen shekarun 1940, lokacin da hukuma ta shiga dasa shi a filayen da haƙar kuza ta lalata, saboda yana tsira a ƙasar da ta gagari sauran itatuwa kuma yana girma da sauri. Mai yiwuwa a can Kakanku ya gan shi ya so shi. Amma halayen da suka sa ya dace da tsohon filin kuza su ne suka sa bai dace da tsakar gida ba. Yana iya kai mita 30, saiwarsa tana tafiya nesa tana bin danshi, kuma ramin masai shi ne wuri mafi danshi a gidanku duk tsawon rani. Idan kuka datse saiwoyin ɓangaren gini, za su sake fitowa, kuma kafin nan kun raunana bishiya mai wannan tsawo a garin da iskar farkon damina ke kwashe rufin kwano. Turare kuma yakan saki babban reshe ba tare da wata alama ba, ko da rana tsaka.

Batun wasiyya na malamai ne, amma ban taɓa jin malamin da ya ce a cika wasiyyar da za ta rusa wa marayu gida ba. Abin da zai iya sanyaya wa Baffa rai shi ne ku tattara 'ya'yan bishiyar, waɗannan ƙananan ƙoƙunan da ke zubowa, ku shanya su har su buɗe su zubar da iri, a raina a leda, a dasa a gonar gado ko a wani fili mai nisa da gini, sa'annan daga gangar jikin a yanka masa katako a yi masa benci mai ƙafafu daidai. Sauran itacen masu sayen katako a kasuwar Katako za su iya saye, kuma kuɗin zai rage muku ladan masu sara. Kada ku ba samarin gida aikin. Ku ɗauko waɗanda suka saba, su hau su sauke ta gunduwa-gunduwa daga sama da igiya, a cikin rani, bayan an sanar da maƙwabta, kuma idan akwai wayar lantarki kusa a nemi ma'aikatan wuta su kashe layin tukuna. Kututturen zai yi ta fitar da sabon toho, domin haka turare yake, don haka ko dai a tono shi gaba ɗaya kafin a gyara masai, ko kuma a sa wani yaro ya riƙa karye tohon duk mako har saiwar ta gaji ta mutu.